Schroff: kalmar Jamusanci ɗaya da Turanci ke raba wa kalmomi fiye da goma

Duk wanda ya buɗe ƙamusun Jamusanci zuwa Turanci ya nemi *schroff* zai tarar an jero masa kalmomi rututu: *rough, steep, rugged, craggy, precipitous, abrupt, curt, brusque, gruff, blunt, harsh, stark*. Ƙamus bai yi ƙarya ba, kowacce tana da wurin da take zama daram. Matsalar ita ce jerin ba ya faɗa wa mai karatu wane wuri ne na wace kalma, kuma guda ukun da ɗalibi ya fi sabawa da su, wato *rough*, *steep* da *blunt*, su ne suka fi kai mutum su baro. Abin ya shafi Bahaushe mai koyon Jamusanci kai tsaye, domin galibi ta kan Turanci yake bi ya isa ga ma'ana. In an yi tuntuɓe tun a gadar farko, abin da zai iso Hausa ya riga ya karkace.

Asalin kalmar dutse ne. A Jamusancin tsakiyar zamani, wanda aka yi magana da shi daga wajajen 1050 zuwa 1350, akwai suna *schroffe* ko *schrove*, ma'anarsa tsagaggen dutse ko bangon dutse mai kaifi. Daga wannan suna aka ciro sifar, daga baya kuma aka ɗauke ta daga kan dutse aka ɗora wa mutum. Saboda haka hoton da ke kan Bajamushe in ya ji kalmar guda ɗaya ne: dutse ya miƙe tsaye a gabanka, jikinsa a farfashe, gefunansa da kaifi, babu inda za ka sa ƙafa ko ka kama da hannu cikin natsuwa. Abubuwa uku ke cikin hoton, tsayuwa cak, kaushi mai kaifi, da korar wanda ya matso. Kowace kalmar Turanci a jerin nan ɗaya take ɗauka, in ta yi ƙoƙari biyu, ta bar sauran. Aikin mai fassara shi ne ya gano wanne ne jimlar ta fi buƙata.

Furucinta ba wuya: *sch* kamar “sh” na Hausa, *r* daga maƙogwaro, wasalin *o* gajere, domin baƙi biyu da suka biyo baya, *ff*, alama ce ta gajarta wasali. Gaɓa ɗaya ce, kamar a ce “shrof”.

A kan dutse da gaɓar teku

Kuskuren farko shi ne ɗaukar *steep* a matsayin takwarar *schroff*. Takwarar *steep* ta gaskiya ita ce *steil*, wadda ba ta damu da komai ba sai karkata. Titi, matattakala, rufin gida, duk ana ce musu *steil*. A bakin hanyoyin Jamus akwai allon gargaɗi mai kusurwa uku da jan gefe, an rubuta misali 10% a ciki, ma'ana hanyar na hawa ko sauka mita 10 a kowace mita 100. Wannan hanya *steil* ce, kwalta sumul, kuma babu Bajamushen da zai kira ta *schroff*. Wanda ya fassara *eine schroffe Felswand* da *a steep rock wall* bai yi ɓarna ba, amma ya zubar da rabin ma'anar, ya bar karkata ya jefar da farfashewa da ban tsoro. Wanda kuma ya juya, ya ga *steep stairs* ya rubuta *schroffe Treppe*, wannan kam ya yi kuskure ƙarara. Haka *steep prices*, farashi mai tsada: Jamusawa *gesalzene Preise* suke cewa, farashin da aka barbaɗa wa gishiri, ko *happig*.

Zaɓin da ya dace yana bin sunan da sifar ta raka. In *Felswand* ce, bangon dutse, to *sheer* ko *precipitous*. Bangon arewa na dutsen Eiger a Suwizalan, mai tsawon kusan mita 1,800, wanda ba a samu hawansa ba sai 1938, shi ne misalin da ya cika sharuɗɗan uku duka. In ƙololuwa ce, *schroffe Gipfel*, to *jagged* ko *craggy*, kamar Drei Zinnen a tsaunukan Dolomiten na arewacin Italiya, inda mafi tsayinsu ya kai mita 2,999, suna tsaye kamar haƙoran zarto. In gaɓar teku ce ko yanki baki ɗaya, *schroffe Küste*, *schroffe Landschaft*, to *rugged*.

Bambancin da ke tsakanin waɗannan yana da amfani a riƙe. *Sheer* tana nufin tsayuwa sak kamar bango, ko da jikin santsi ne, shi ya sa ana iya faɗinta a kan ginin gilashi mai hawa hamsin. Wanda ya taɓa wucewa ta gefen Dutsen Zuma ya ga ɓangarorinsa da suka sauko sumul ya ga *sheer* da idonsa, amma wannan santsin yana rage masa cancantar *schroff*. *Jagged* magana ce a kan layin bakin abu, yadda ya yi tsini-tsini in aka hango shi ta fuskar sama. *Craggy* tana nuna yawan duwatsun da suka ɓullo nan da can. *Rugged* kuwa daga nesa take kallo, ƙasa mai wahalar ratsawa. Tsawo ba ya cikin lissafi ko kaɗan. Feldberg, dutse mafi tsayi a dajin Schwarzwald na kudancin Jamus, ya kai mita 1,493, amma kansa a dunƙule yake da ciyawa, *sanft* ake ce wa irinsa, mai laushin kwanciya, kishiyar *schroff* ke nan. Lange Anna kuwa, jan dutsen da ke tsaye shi kaɗai a bakin tsibirin Helgoland na arewacin Jamus, mita 47 ne kacal, kuma kalmar ta zauna masa.

A kula da *rugged*, domin a Turanci tana da fuskar yabo da *schroff* ba ta da ita. Mota ko waya mai jure wahala *rugged* ce, Jamusawa su ce *robust*. Namiji mai fuskar jarumta *rugged* ne, su ce *markant*. In aka mayar da waɗannan da *schroff*, an zagi motar an zagi mutumin.

Sai *rough*, wadda ta fi kowacce rauni a jerin. Takwararta *rau* ce: *raue Hände* hannaye masu kaushi, *raue See* teku mai tambal-tambal, *raues Klima* yanayi mai tsanani, *raue Stimme* murya mai kaushi. Kafin gyaran ƙa'idar rubutu na 1996 *rauh* ake rubutawa, don haka za a ci karo da ita da *h* a tsofaffin littattafai, kalma ɗaya ce. *Rough* abin taɓawa da tafin hannu ne, ba ta da tsayi a cikinta, shi ya sa *rough cliffs* ba ta ba mai karatu jiri yadda *schroffe Klippen* ke bayarwa. *A rough estimate* kuma, ƙiyasi na sama-sama, *eine grobe Schätzung* ce.

Tsohon sunan bai mutu ba. A kudancin Jamus, Ostiriya da Suwizalan, masu hawan tsaunuka har gobe suna cewa *Schrofen* ko *Schrofengelände*, da *f* guda, suna nufin gangare mai tsauri inda dutse ya cakuɗe da ciyawa da tsakuwa. A ma'aunin wahalar hanyoyin tsauni na SAC, ƙungiyar masu hawan tsauni ta Suwizalan, wanda ya tashi daga T1 zuwa T6, daga mataki na T3 ake fara ambaton irin wannan ƙasa. Haɗarinta sananne ne: dutsen a farfashe yake, yana iya ɓallewa a hannu, ciyawar kuma in ta jiƙe santsi take, ga shi babu wurin kirki na kafa ƙugiyar igiya. Turanci ba shi da kalma ɗaya, sai a ce *broken rocky ground* ko *steep craggy ground*. Mai fassara jagorar hanya da ya taƙaita ta zuwa *rocks* ya ɓoye wa matafiyi gargaɗin da ransa ke rataye a kai.

A kan mutum

Nan ne kalmar ta fi yawo a magana ta yau da kullum, nan ne kuma aka fi tafka kuskure. A ɗauka wani ya je ofis da takarda a hannu, ya gaisa, ya fara bayanin abin da ya kawo shi. Ma'aikacin bai ɗago kai ba, bai bari ya kai aya ba, ya ce *Dafür bin ich nicht zuständig*, wato wannan ba aikina ba ne, ya ja labulen tagarsa. Babu ashar, babu tsawa, babu ko kalma ɗaya da za a kai ƙara a kanta. Wannan shi ne *schroff*: gajeriyar magana, sanyin fuska, da rufe ƙofa. Da ya yi zagi da *grob* ko *beleidigend* za a ce. Da ya saurara ya amsa da ladabi amma babu fara'a, da *kühl* ce, sanyi kawai. Kalmarmu tana tsakiya, kuma abin da ke riƙe da ita shi ne korar.

Turanci yana da kalmomi huɗu da ke takara a nan, kuma asalin kowacce yana nuna abin da take ɗauke da shi.

*Curt* daga Latin *curtus* ta fito, gajartacce, tushen da ya ba Jamusanci *kurz*. Ƙarancin kalmomi take aunawa. Ita ce ta fi dacewa da *eine schroffe Antwort* da *ein schroffes Nein*, kuma ita ce ke daidai da abin da Bahaushe ke cewa ya amsa a daƙile. Jamusanci na da wata hanyar faɗin wannan zalla, *kurz angebunden*, wadda ta ɗan fi *schroff* sauƙi.

*Brusque* ta biyo ta Faransanci daga Italiyanci *brusco*, mai tsami ko kaushi. Ta haɗa gaggawa da ƙosawa, har da motsin jiki, ba magana kaɗai ba. In ana bayanin halin mutum ne, *seine schroffe Art*, to *his brusque manner* ita ce zaɓin da ba ya ba da kunya. Jamusanci ma ya ari kalmar a matsayin *brüsk*, har da aikatau *brüskieren*, gwasale mutum a gaban jama'a.

*Gruff* daga harshen Holan *grof* take, 'yar'uwar *grob*. Murya take nufi, mai kauri da gurnani, kuma a Turanci sau da yawa tana zuwa da zaton cewa a ƙarƙashin kaushin akwai zuciya mai kyau, irin tsohon da ke faɗa yana miƙo maka abinci. *Schroff* ba ta yi wannan alkawari ba. Jamusawa *brummig* ko *bärbeißig* suke ce wa irin wannan tsoho, in kuma muryar ba da umarni ce mai tsawa, *barsch*. A yi amfani da *gruff* kawai in labarin ya nuna mutumin na da taushi a ciki.

Sai *blunt*, wadda ta fi kowacce haɗari, saboda dalili biyu. Na farko, a zahiri ma'anarta dakushewa ce. Wuƙar da ba ta yanka *blunt* ce, a Jamusanci *stumpf*; abin da 'yan sanda da likitoci ke kira *blunt instrument* da *blunt trauma* su ne *stumpfer Gegenstand* da *stumpfes Trauma*. Dutsen da ake ce wa *schroff* kuwa kaifi gare shi. Ke nan a kan abu na zahiri kalmomin biyu hannun riga suke, duk da ƙamus ya ajiye su kafaɗa da kafaɗa. Na biyu, a kan mutum *blunt* magana ce ta gaskiya: wanda ke faɗin abu ɓaro-ɓaro, keke-da-keke, ba ya lulluɓe shi da zuma. Likita zai iya zama da majinyaci rabin sa'a, ya riƙe hannunsa, ya gaya masa cutarsa ba tare da kwana-kwana ba. Ya kasance *blunt*, amma ko kusa bai zama *schroff* ba, domin bai kore shi ba. Jamusanci *unverblümt* ko *direkt* ko *offen* yake ce wa wannan, kuma *to be blunt* a farkon jimla *offen gesagt* ce. A ɗaya gefen, ma'aikacin ofis ɗin can bai faɗi wata gaskiya mai ɗaci ba, ƙila ma kauce wa aiki ya yi. Inda kalmomin biyu ke haɗuwa ƙunci gare shi: ƙin amincewa. *Eine schroffe Ablehnung* ana iya cewa *a blunt refusal*, ko da yake *a flat refusal* ta fi zama a bakin Bature, kuma ita ce daidai da ƙi ƙememe.

*Harsh* tana shigowa ne in nauyin yana kan abin da aka faɗa, kamar *schroffe Kritik*, kakkausar suka. Akwai kuma wata da ƙamusu da yawa ba sa sawa a gaba alhali ta cancanta, *forbidding*, abin da ganinsa kaɗai ke hana ka matsowa.

Masu aikin labarai su fi kowa lura. Jimla irin *Die Regierung wies die Vorwürfe schroff zurück* tana yawan fitowa a jaridun Jamus, kuma ana mayar da ita *flatly rejected*, *sharply rejected* ko *brusquely dismissed*. Akwai bambanci tsakaninta da *entschieden zurückweisen*, wadda ke nufin musantawa da ƙarfi, *firmly*, kuma ita kakakin gwamnati zai faɗa da bakinsa. Babu kakakin da zai ce “muna musantawa *schroff*”. Hukuncin ɗan jarida ne a kan yadda aka yi maganar. Wanda ya fassara ta da *firmly* ya wanke gwamnatin daga zargin rashin ladabi da marubucin ya yi mata, wanda kuma ya fassara *entschieden* da *brusquely* ya ɗora mata laifin da ba a ɗora ba. A Hausa tazarar ita ce tsakanin “ta musanta da babbar murya” da “ta yi fatali da zargin”.

Sauyi na farat ɗaya da saɓani

Ma'ana ta uku ba ta buƙatar dogon bayani. Kamar yadda fili ke yankewa kwatsam a bakin kwazazzabo, haka abu ke sauyawa ba tare da matakala ba: *ein schroffer Übergang*, *ein schroffer Wechsel*, a Turanci *abrupt*. *Sie wandte sich schroff ab*, ta juya baya farat ɗaya, *she turned away abruptly*, a nan ma'ana ta biyu da ta uku sun haɗu, domin juyawar da sauri take kuma kora ce. *Abrupt* daga Latin *abruptus* take, abin da aka ɓalle, kuma a Turanci tana iya taɓa dutse, hali da sauyi gaba ɗaya. In an rasa madafa ita ce mafaka, sai dai a kan dutse ba ta da kaifi, a kan mutum kuma ta fi *schroff* sassauci. 'Yar'uwarta a wannan fage ita ce *jäh*, ta littafi, wadda ta fi nuna ba-zata.

Akwai kuma furuci da ya zama kafaffe, *in schroffem Gegensatz zu etwas stehen*, wanda Turanci ke cewa *in stark contrast* ko *in sharp contrast*. Tarko na nan: Jamusanci na da tasa *stark*, rubutu iri ɗaya, tushe ɗaya, amma ma'anarta ƙarfi. *Ein starker Kontrast* bambanci ne babba, *a strong contrast*. *Ein schroffer Kontrast* bambanci ne da babu tsani a tsakaninsa, fari ƙal kusa da baƙi ƙirin. Masu sharhin kiɗa da gine-gine suna son kalmar a wannan ma'ana, ga sautin da ya faɗo babu shiri ko bangon kankare tsirara, kuma *stark*, *harsh* ko *jagged* ke ɗaukarta.

Abin da nahawu ke ɓoyewa

Sifar tana sauya wutsiya bisa jinsi, adadi da matsayin suna a jimla: *ein schroffer Ton*, *eine schroffe Antwort*, *ein schroffes Nein*, *die schroffen Felsen*. Ƙamus a ƙarƙashin *schroff* kawai zai nuna ta. Wurin da ɗalibai ke faɗawa shi ne *schroffer*, domin siffa biyu ce a riga ɗaya. A *ein schroffer Ton* wutsiyar namiji ce kawai, *a curt tone*. A *sein Ton wurde schroffer* kwatanci ne, muryarsa ta ƙara kaushi, *his tone grew sharper*. In kwatancin ya zo gaban suna namiji sai wutsiya ta ninku, *ein schrofferer Ton*, ba kuskuren bugu ba ne. Matakin ƙoli *am schroffsten*.

Jamusanci ba ya sauya sifa in ta koma bayanau, Turanci kuwa sai ya ƙara *-ly*. Don haka kafin zaɓen kalma a duba ko *schroff* suna take bayyanawa ko aikatau. *Er ist schroff*, *he is brusque*; *er antwortete schroff*, *he answered curtly*; *die Felsen fallen schroff ab*, *the cliffs drop away steeply*, kuma wannan na cikin 'yan wuraren da *steeply* ke wadatarwa, tunda *cliffs* ta riga ta kawo dutsen. Sunan da aka gina a kanta, *die Schroffheit*, shi ma rabuwa yake, *ruggedness* ga ƙasa, *brusqueness* ga hali, *abruptness* ga sauyi. In ya zo a jam'i, *Schroffheiten*, maganganu ne na gwasalewa da aka yi ta yi, *curt remarks*.

Hanyar aiki da ta fi rage kuskure ita ce a fara da sunan ko aikatau ɗin da kalmar ta manne wa, a ware ko ƙasa ce, ko mutum, ko sauyi. In mutum ne, a tambayi jimlar abin da ya yi ciwo: gajartar amsar, gaggawar, sautin muryar, ko nauyin abin da aka faɗa. Sannan a gwada mayar da kalmar Turancin da aka zaɓa zuwa Jamusanci ba tare da kallon asali ba. In *steep* ta dawo *steil*, *rough* ta dawo *rau*, *blunt* ta dawo *unverblümt*, to wani abu ya zube a hanya. Ƙamusun DWDS na intanet, wanda cibiyar kimiyya ta Berlin-Brandenburg ke kula da shi, yana nuna kalmomin da suka fi rakiyar kowace kalma tare da jimloli na gaske daga jaridu da littattafai, kuma wannan ya fi dogon jeri amfani nesa ba kusa ba.

Wuri mafi wuya shi ne inda marubuci ya yi amfani da ma'ana biyu da gangan, abin da ya zama ruwan dare a rubutu kan mutanen tsaunukan Alps: *ein Mann, schroff wie die Felsen seiner Heimat*, mutum mai hali irin na duwatsun garinsu. *Brusque* ba ta hawa dutse. *Craggy* in ta hau mutum a fuskarsa take tsayawa, ta nuna tamoji da ƙasusuwa. *Rugged* ta mayar da shi jarumi abin sha'awa, *steep* da *sheer* kuwa ba sa aiki a kan mutum sam. Abin da ya rage wa Turanci shi ne *as forbidding as the cliffs of his homeland*, ko *hard* in ana son gajarta, kuma a duka biyun an rasa gajeriyar amsar da ke cikin kalmar asali. Hausa a nan ta fi Turanci sa'a, domin kaushi yana tafiya daga jikin dutse zuwa harshen mutum ba tare da an canza kalma ba: mutum mai kaushi kamar duwatsun garinsu.